Wayar silba mai milimita 4 ta rataye sumo: tana da kyau, amma ba ta son wulaƙanci

Wasu masu bohol na sola a gonaki sun fara barin igiyar roba wajen rataye sumo, wato famfon da ake zurawa cikin bohol, suna komawa wayar silba (ƙarfen da ba ya tsatsa) mai kaurin milimita 4, irin wadda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Gaskiya sun yi dabara. Mai saƙar 7x19, wato tufka bakwai kowace da sili 19, tana da laushi, ba ta tsatsa a ruwa, kuma sai nauyi ya kai wajen kilo 900 take tsinkewa. Sumo da bututunsa ba sa kusantar haka.

To me ke tsinka ta? Hannun mai aiki ne. A rijiyoyin mai, inda ake zura kayan aiki da waya guda mai kaurin inci 0.108, ƙa'idarsu ita ce faɗin gargaren da take bi ya ninka kaurinta sau 120, don lanƙwasa ita ke gajiyar da ƙarfe. Tamu saƙaƙƙiya ce, ba ta buƙatar haka, amma kada gargaren ya gaza milimita 100. Abin takaici, da yawa kan bakin kesin, wato babban bututun da ke jikin ramin bohol, suke jan ta kai tsaye. Silin waje ya goge, ya tsittsinke, ya miƙe kamar ƙaya. Bi ta da tsumma: duk inda ya maƙale, nan ta fara mutuwa.

Sai warwara. A sa sanda a tsakiyar ƙunshin ya riƙa juyawa. In aka ajiye shi ƙasa ana fizga ta gefe, sai ta yi ƙulli, kuma wurin da ya ƙulle ko an miƙar da shi ƙarfinsa ya tafi. Yankewa kawai.

A kunnen sumo a sa ɗan ƙarfen da ke tallafe lanƙwasar, sannan kilif uku masu siffar U na matse waya, guntun bakin wayar yana ɓangaren lanƙwasar kilif ɗin. Su ma su zama na silba, don na baƙin ƙarfe tsatsa ke cinye su. A bar mata ɗan sako-sako, bututu ya ɗauki nauyin.

Aibinta tsada, ga jabu. Tafi da mayen ƙarfe: ta gaske da ƙyar yake kama ta, mai fentin tutiya kuwa cak yake mannewa.