Yanke hoton tsuntsayen bakin ruwa da Lightroom Classic: inda yake ci da inda yake gazawa

Zalɓe ba ya jiran mai hoto ya gama tsara fili. Ko da gilashin kyamara mai jawo nesa, mai milimita 500 ko 600, tsuntsun kan fito ɗan mitsitsi a tsakiya, ruwa da laka sun cinye sauran wurin. Rabin aikin sai a gaban kwamfuta ake ƙarasa shi, kuma a nan ake gane ƙarfin sashen yanke hoto na Lightroom Classic, manhajar kamfanin Adobe da asalinta ya fito a 2007.

Saurinsa ba a magana. Maɓallin R ya buɗe sashen, X ya juya firam daga kwance zuwa tsaye, A ya kulle ko ya saki ma'aunin faɗi da tsayi. Ba ya taɓa ainihin fayil, don haka ko bayan shekara ana iya komawa a maido abin da aka datse. Da Ctrl da alamar ' ana samun kwafin gwaji wanda kusan ba ya cin wuri, a yanke ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, a jera su a zaɓa. Ga tsuntsu mai dogon wuya da dogayen ƙafafu wannan ba ƙaramin abu ba ne: zalɓen da ya miƙe wuya ya fi dacewa da ma'aunin 4:5 a tsaye, amma da zarar ya sunkuya zai cafki kifi, jikinsa ya koma kwance, sai 3:2 ko 16:9.

Maɓallin O yana sauya layukan jagora, kuma nan ne sababbin hannu ke faɗawa rami. Layukan da suka raba hoto gida uku suna ja ka ɗora idon tsuntsu kan mahaɗarsu ko ta halin ƙaƙa, kana can kana neman mahaɗa sai ƙafafu su fita ta ƙasa. Manhajar ba ta san ƙafa ba. Idan balbela na tsaye cikin ruwa har ya rufe mata sawu, a ƙiyasta inda yatsun za su kai, a bar wannan filin a ƙasa ko da ba a ganin su. In ba haka ba sai ta zama kamar an dasa ta a bakin firam. In kuwa dole sai an yanke ƙafa, kada a yanke daidai kan gaɓar nan da mutane ke ɗauka gwiwa ce, alhali idon sawu ne. A hau sama sosai, a mayar da hoton na kai da ƙirji, yadda mai kallo zai san da gangan aka yi. Gaban baki kuma ya fi bayan wutsiya buƙatar fili, musamman in tsuntsun na tafiya. Inuwarsa da ke cikin ruwa ko dai ta shigo duka har da kai, ko a rage ta zuwa ɗan guntu. Inuwar da aka fille wa kai ita ce aibin da ido ke fara gani.

Wajen daidaita karkata, maɓallin Auto ba abin dogaro ba ne a irin waɗannan hotuna. Layi yake nema ya bi, kuma sau da yawa gaɓar ruwa da ta shigo a karkace ko ciyawar da iska ta kwantar yake kamawa. Abin awon da ke kusa da Angle, wato wurin saita kusurwar juya hoto, ya fi, domin yana karɓar layin tsaye. A ruwa mai kwanciya, inuwar kowane abu tana ƙarƙashinsa daidai, saboda haka a ja layi daga idon tsuntsun zuwa idon inuwarsa, hoton zai zauna. Sai dai gyaran na da tsada: juya hoto mai 3:2 da digiri 2 kacal yana cinye kusan kashi 10 cikin 100 na fiksel ɗinsa, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton, kuma daga gefuna yake ci, inda yatsu da ƙarshen fiffike suke.

Babban aibin sashen yankan shi ne ba ya nuna maka a fili abin da kake zubarwa. Sai ka danna Ctrl da J, ka sa girman hoto bayan yanka cikin bayanan da ke fitowa a saman hoto, sannan ka kunna su da I. Lissafin kuwa ba ya da daɗi. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da 6000 da 4000. Juya wannan zuwa 4:5 a tsaye, saura 3200 da 4000, wato megafiksel 12.8. Rage rabin faɗi da rabin tsayin ainihin hoton, saura megafiksel 6, wanda a fiksel 300 kowane inci bai wuce bugun inci 10 a faɗi ba. Zaɓin ƙara girman hoto mai suna Super Resolution da aka ƙara a 2021 yana ninka faɗi da tsayi, yana kuma taimakawa in asalin hoton ya fito tas, amma ba ya maido zaren gashin farar balbela da hasken rana ya ƙone, ko wanda motsi ya dusashe.

Firam ɗin yanka kuma ba ya wuce bakin hoto. In bakin shamuwa ya kusa taɓa gefe tun a wurin ɗauka, ƙara fili sai an fita zuwa Photoshop. Manhajar Lightroom ma yanzu ba a sayenta a mallaka, kuɗin wata ko na shekara ake biya, tun bayan Lightroom 6 na 2015. Wanda ke dawowa da ɗaruruwan hotuna daga fita ɗaya zai ci moriyar kuɗinsa, ko don iya kwafa yanka guda zuwa jerin hotunan da aka ɗauka a jere. Wanda ke gyara biyar ko goma a wata, manhajar da kamfanin kyamararsa ke bayarwa kyauta ta ishe shi yanka da daidaita karkata.