Titan Pocket: madannan sun yi, saura manhajar

Duk wanda ya riƙe BlackBerry a zamanin BBM, manhajarta ta hira, ya san daɗin rubutu ba tare da zura wa waya ido ba, yatsa ne ke gane harafi da kansa. Neman wannan daɗin ya sa na sayi Titan Pocket, waya mai madannai ta kamfanin Unihertz, wadda ta fito a 2021, kuma ta wannan fannin kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Madannan suna da ɗan tauri, kana dannawa kana jin sun amsa. Dogon saƙon WhatsApp da a da nake gudu, yanzu a tsaye nake gama shi.

Fuskarta inci 3.1 ce, kusan murabba'i, don haka mai son kallon bidiyo ya nemi wata. Tana da kauri, nauyinta ya haura giram 200, amma tana shigewa aljihun kaftani lafiya lau. Batirin 4000 mAh kuwa, da yake ƙaramar fuska yake ciyarwa, yakan kai ni dare da saura, abin da ba ƙarami ba ne a inda wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama.

Inda raina bai kwanta ba shi ne babbar manhajar. Da Android 11 ta zo. Asalin Android a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara, sai dai abubuwan Google da ke zaune a kansa rufaffu ne. Mai rubuta Hausa ya fi kowa jin wannan a jikinsa: tsarin madannan Turanci na QWERTY bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. So nake in buɗe fayil ɗaya in ce wa wayar, in na haɗa wannan madanni da wancan ki ba ni ƙ, shi ke nan.

An taɓa yin wayar da ke ba da wannan damar fa. Nokia N900 ta 2009 tana da madannai masu zamewa, fuska inci 3.5, da manhajar Maemo da aka gina kan Linux, kuma masu ita sukan sauya tsarin madannan yadda suke so. Daga baya an yi Pro1-X ta kamfanin F(x)tec, mai ɗaukar buɗaɗɗun manhajoji irin su LineageOS ko Ubuntu Touch, amma fuskarta ta kusa inci 6, ta yi wa aljihuna girma.