Koko ko roba? Amsa ga Alhajin da aka yi wa tayin fili a Ore

Salam. Alhaji na ga tambayarka tun jiya, ka ce an yi maka tayin fili hekta 5 a wajen Ore ta jihar Ondo, kuɗin sallamarka na hannu, kai kuma kana zaune a Kano, kana so ka ji wanne ya fi tsakanin koko da roba. Na ga 'yan uwa sun yi caa kowa na cewa koko kawai, wai ba ka ga farashi ba. Toh bari in sa baki, don na daɗe ina sayen goro a ƙauyukan nan kuma goro da koko gona ɗaya suke kwana a can. Koko na cakulan fa ake nufi, ba na shan ƙosai ba, na ga wani har ya fara maganar gasara.

Mu fara da jira. Koko in ka samu irin zamani, irin wanda cibiyar bincike ta CRIN da ke Ibadan ke fitarwa, shekara 3 zai fara jefo maka 'ya'ya, amma ba zai cika ya batse ba sai ya ƙara wasu shekarun. Roba kuwa sai ka yi shekara 6 zuwa 7 kana kallonta tana kallonka, ba a sa mata wuƙa sai kewayen gindinta ya kai wajen santimita 50, in ka yi gaggawa ka cuci bishiyar har ƙarshen rayuwarta. Kuma duk tsawon lokacin nan noma kake yi, taki kake sawa, leburori kake biya. Abin da ke ɗan rage zafi a koko shi ne dole ne ma ka dasa ayabar suya a tsakani don ta yi wa 'yan dashen inuwa, kaga tun shekarar farko zuwa ta biyu kana ɗan tsintar na cefane. A roba ma ana sa masara ko abarba a tsakanin layuka, amma da ta haɗe sama shike nan, inuwa ta kori kowa.

Sai yadda kuɗin ke shigowa, kuma nan ne roba ta yi wa koko fintinkau. Koko kakarsa babba daga wajen Oktoba ne zuwa Janairu, sai wata 'yar ƙarama da farkon damina, sauran watanni manomi hamma yake yi, shi ya sa za ka ga mai gona guda ya karɓi ba-da-kaka a hannun ejan tun koko bai nuna ba, in ya nuna a kwashe a farashin da aka ga dama. Roba kamar albashi take, ana tsaga ta kusan duk shekara banda 'yan makonnin rani da take zubar da ganye, duk wata akwai abin aunawa. Wannan dalilin ne ya sa manoma da yawa a Kodebuwa suka sare tsohon kokonsu suka dasa roba, har ƙasar ta zama ta ɗaya a Afirka, tana fitar da sama da tan miliyan ɗaya a shekara.

Amma fa albashin nan wani ne zai tashi da asuba ya nemo maka shi, kuma ni a nan na fi so ka tsaya ka yi tunani. Na taɓa kwana a wani ƙauye kusa da gonar roba, tun kafin kiran assalatu na ga masu tsaga sun fita da fitila a goshi, don madarar ta fi zuba da sanyin safiya, rana na ɗagawa take tsayawa. Mutum zai zo gindin bishiya ya ɓanɓare busasshen ƙaron jiya, ya ja wuƙa ya feƙe ɓawon siriri kamar mai yankan farce, madara fara tas ta biyo tsagin ta ɗiga cikin ɗan kofi, ya wuce ta gaba, haka zai bi ɗaruruwa kafin hantsi, bayan kwana 2 ko 3 ya sake dawowa kan layin. In wuƙar ta nutse ta taɓa itacen, wurin ya warke da ƙulu-ƙulu, nan gaba ba ya tsaguwa da kyau. In an yi ruwa da asuba aikin ranar ya tashi. Hekta ɗaya bishiya wajen 500 ce, naka 5 kenan kana maganar 2,500. Wa zai riƙe maka wuƙar? Gwanayen tsufa suke yi, yaran ƙauyen sun gwammace acaɓa a Benin ko Legas, wanda ka samu kuma in kason amfani kuka yi zai dinga tsaga kullum yana shafa maganin ƙara madara fiye da kima don nasa ya yi yawa, bayan 'yan shekaru bishiyar ta ƙafe. Kai kana Kano ba za ka sani ba sai aikin gama ya gama. Ban ma yi maganar warin dunƙulen roba ba in ya kwana biyu, wallahi sai ka toshe hanci.

Koko shi ba kullum ba ne, amma in lokacinsa ya zo ba ya jiran kowa. Da damina ta yi ƙarfi baƙin ciwon nan ke kama 'ya'yan, ka ga ɗan tabo ruwan ƙasa yau, kafin sati ya zagayo duk ƙwallon ya yi baƙi ƙirin, dole feshi duk bayan sati 2 zuwa 3, ga ƙwarin da ke tsotse rassa, ga maganin jabu ya cika kasuwa. In an fasa kuma sai an tara ƙwayar an lulluɓe da ganyen ayaba kwana 5 zuwa 6 ta ruƙa, sannan a shanya, a kuma yankin da rana ke wasan ɓuya. Wanda ya yi ha'inci a nan shi ne ake zaftare masa kilo a sikeli. A Gana akwai wani ciwon ma da ya fi wannan, mai kumbura rassa, ba shi da magani sai sarewa, shi da masu haƙar zinare da suke kira galamse sun cinye gonaki ba adadi. Ita ma roba tana da nata, ciwon saiwa da ke bin ƙasa daga kututturen tsohon daji yana kashe bishiya tana tsaye, da iska mai karya ta, da gobarar rani. Amma in kuɗin magani ake lissafi koko ya fi ci nesa ba kusa ba.

Farashi kuwa, masu cewa koko kawai 2024 suke tunawa. Gaskiya ne, a farkon 2023 tan ɗaya wajen dala 2,500 yake a kasuwar duniya, a Maris 2024 ya haura 10,000, a Disamba ya wuce 12,000, saboda amfanin Kodebuwa da Gana ya faɗi kuma su biyun ke ba duniya fiye da rabin kokonta. Manomin Najeriya ya sha romon sosai don tun 1986 aka rushe hukumar sayen koko, kasuwa ce ke yanka farashi, ba kamar Gana ba inda hukumar koko ta gwamnati, COCOBOD, ke yankewa. Na ga babura sababbi fil a ƙauyukan da ko keke ba su da shi, na kuma ga mutane na kwana a gona da adda saboda ɓarayi. Toh amma a 2025 ya gangaro sosai. Roba ma ta taɓa yin irin wannan rawar, a 2011 kilo ya haura dala 6, kowa ya ruga dashe, kafin bishiyoyin su isa tsaga farashin ya dawo ƙasa da dala 2. Wanda ya dasa yau ba farashin yau zai tarar ba.

Wajen sayarwa ma akwai bambanci. Koko busasshe ka zuba a buhu ka ajiye, masu saye har ƙofar gida, in wannan bai yi maka ba ga wani. Roba masana'anta ce kawai ke so, yawancinta taya ake yi da ita, mu kuma masana'antar taya ta Michelin ta rufe a Fatakwal a 2007, ta Dunlop ta biyo baya a Legas, saura masu sarrafawa su fitar waje, in ɗaya ne kusa da kai toh abin da ya faɗa shi ne farashi. Abu ɗaya dai, in roba ta tsufa bayan shekara 25 zuwa 30 katakonta kuɗi ne, tsohon koko kuwa sai murhu.

Akwai kuma wadda ta haɗa su duka, maganar filin kansa. Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ce ba za ta sayi koko ko roba daga filin da aka sare dajinsa bayan ƙarshen 2020 ba, an yi ta ɗaga ranar fara aiki da ita amma masu saye tuni sun fara yawo da waya suna ɗaukar taswirar gonaki. Yankin Ore kuwa akwai gandun dajin gwamnati, irin su Oluwa, kuma mutane da yawa a ciki suke noma. Filin da aka ce maka yana da arha, ka tabbata ba can yake ba. Sannan sayarwa ce ko haya ce ta shekaru? Dangi nawa ke da baki a ciki? Na san wani bawan Allah da aka bari ya yi wahalar rainon koko shekara 4, ranar da ya fara 'ya'ya sai ga wani ɗan gidan ya dawo daga birni da takarda wai ba da shi aka yi ba.

In ni ne kai Alhaji, roba na cire ta, ba don ba ta da kyau ba, don sana'ar mazauni ce ko kamfani mai ma'aikata. Koko zan yi, shi ma ba hekta 5 a tashi ɗaya ba, in fara da 2 da ayaba, in sa goro a gefe tunda shi mun san kasuwarsa, sauran kuɗin in riƙe na feshi da leburori. Kuma kafin ka ba da ko sisi ka sauka a unguwar Sabo ta Ore cikin watan Yuli ko Agusta, lokacin da ruwa ke zuba, ka hau acaɓa har gonar ka ga ko hanyar na biyuwa. Ka faɗa min, cikin 'ya'yanka ko ƙannenka akwai wanda zai yarda ya tare can?