Gargaɗi ga masu neman tsohuwar Super Famicom: kaset ya shiga, allo ya ƙi kawowa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani mutum da ke tallar tsofaffin na'urorin gem na Japan a kafafen sada zumunta. Yakan sauya sunan shafinsa, amma maganarsa ɗaya ce kullum: wai Super Famicom ɗin da yake sayarwa "tana cin kowane kaset", na Japan ne, na Amurka ne ko na Turai. Ƙarya yake yi. Ni na saya a hannunsa a watan jiya, kuma ba na son wani ya bi bayana.

Tun ina yaro nake son irin waɗannan wasanni, lokacin da muke tara kuɗin makaranta mu kai gidan gem na unguwa. Da na ga tallar sai na ce bari yarana su ga abin da muka taso da shi. Ya turo mini bidiyo, na'ura tana aiki, Super Mario World na gudu a talabijin, ga wasu kaset huɗu a jere a gefe. Ya ce akwai wanda ya riga ya taya, in ina so in tura kuɗi yau. Na tura duka, ya ba direba a tasha. Sai daga baya na lura cewa a bidiyon nan kaset ɗaya tak ya saka, sauran jera su kawai ya yi. Cinikin biri a sama na yi, kuma da saninsa ya tsara hakan.

Da kaya suka iso, wancan kaset ɗaya ya yi aiki. Ɗaya bai ma shiga bakin na'urar ba. Sauran ukun sun shiga daram, na kunna, fitila ta kama, allo baƙi ƙirin.

A nan damfarar take, don haka bari in tsaya in yi bayani. Kamfanin Nintendo ya fitar da Super Famicom a Japan ranar 21 ga Nuwamba 1990. A 1991 aka kai ta Amurka da sunan Super NES, aka sauya mata jiki, aka yi wa kaset ɗinta siffa mai kusurwa wadda ta fi faɗi. Shi ya sa kaset ɗin Amurka ba ya shiga ta Japan, duk da cewa abin da ke cikinsu ya dace da juna. Amma da aka kai ta Turai a 1992, sai aka bar mata jikin ta Japan. Ta Turai da ta Japan kamar an tsaga kara, har maɓallan nan masu launi huɗu iri ɗaya ne, kaset ɗinsu ma siffa ɗaya. Kaset ɗin Turai zai zauna a cikin Super Famicom ba tare da an danna da ƙarfi ba.

Sai dai a cikin kowace na'ura akwai wani ɗan ƙaramin abu mai suna CIC, kamar kwaɗo, a cikin kowane kaset kuma akwai mukullinsa. In an kunna, sai sun gaisa sun gane juna kafin wasa ya tashi. Japan da Amurka mukulli ɗaya suke amfani da shi, na Turai daban ne. In mukulli bai dace ba, na'urar ba za ta bar wasan ya fara ba ko kusa. Mutumin nan ya san wanda bai san wannan ba zai ga kaset ya shiga, ya ɗauka datti ne ko tsufa.

Kuma haka ya yi ta juya ni. Da na kira shi, sai ya ce in hura kaset ɗin. Na hura. Ya ce in goge bakinsa da sifirit, na goge. Daga nan ya ɗora laifin a kan talabijin ɗina. Wannan ta ɗan ruɗe ni, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki: Super Famicom tana fitar da hoto ne a tsarin NTSC mai 60Hz, mu kuwa a Najeriya tsarin PAL mai 50Hz muke bi, kuma wasu tsofaffin talabijin sukan nuna hoton ba launi ko yana ta gangarowa. Amma in talabijin ce matsalar, ai Mario ma da bai fito tas ba.

Ƙarshe ya ce in ƙaro kuɗi ya aiko mini da wata adaftar kaset da za ta buɗe komai. Na ƙi, ya toshe lambata. Irin wannan adafta akwai ta, tana da baki biyu: ka sa kaset ɗin da kake so a ɗaya, ka sa na yankin na'urar a ɗayan don ya ara masa mukulli. Tana yi wa wasanni da yawa na farko-farko. Amma wasu wasannin da suka fito daga baya suna duba gudun na'urar da kansu, in suka tarar ba na yankinsu ba ne sai su rubuta saƙo a allo su tsaya. Don haka ko da ya aiko, "komai" ɗin nan wata ƙaryar ce. Akwai kuma gyaran da ƙwararru ke yi a cikin na'urar, su sauya kwaɗon su sa mata abin sauya gudu tsakanin 50 da 60. Wanda ya yi wannan aiki zai faɗa maka da bakinsa, ya nuna maka. Tawa ba a taɓa buɗe ta ba.

Na kai kayan wurin wani abokina mai gyaran lantarki a kasuwa. Allah ya saka masa da alheri, tun kafin kaya su iso ya gargaɗe ni kan wuta. Adaftar wutar da ta zo da ita ta Japan ce, mai lamba HVC-002, an yi ta don wutar bolt 100, tamu kuwa 230 ce. Mai sayarwar cewa ya yi in jona kawai. Da na bi maganarsa da tuni ta ƙone. Da taransifoma mai rage wuta na kunna. In za ku sayi wata adafta a nan, na'urar DC bolt 10 take so, kuma tsakiyar fulogin shi ne negatif. Kada ku kuskura ku sa mata adaftar Super Nintendo ta Turai, AC take fitarwa.

Abokin nawa ne ya nuna mini lambobin da ke jikin kaset. Na Japan suna farawa da SHVC, na Amurka SNS, na Turai SNSP. Biyu daga cikin ukun da suka ƙi kawowa SNSP ne, na gaske ne, amma ba na wannan na'ura ba. Na ukun shi ya fi ƙona mini rai. An rubuta masa Super Mario RPG, an buga masa alamar PAL, wato ta kaset ɗin Turai. Wannan wasa ya fito a 1996 a Japan da Amurka, ba a taɓa fitar da kaset ɗinsa a Turai ba. Da ya kwance shi, babu sunan Nintendo a jikin allon ciki, babu batirin ajiye wasa, babu ɗan ƙaramin abin nan mai suna SA-1 da ke cikin na asali yana taimaka wa wasan gudana. Jabu ne tsantsa, kuma saboda shi mutumin ya tsauwala mini farashi.

Duk wanda zai saya, ya nemi hoton ƙasan na'urar, ta Japan an rubuta mata SHVC-001. Ya nemi hoton lambar kowane kaset da rubutun jikin adafta. Ya ce a yi masa bidiyo guda ba yankewa, a saka kaset ɗaya bayan ɗaya har kowanne ya nuna hoto, a kuma ambaci sunansa a ciki don kada a turo masa tsohon bidiyo. In da hali, a tura wani ɗan uwa da ke garin ya gani da idonsa kafin a biya.

Jiya wani ya turo mini sabuwar tallarsa. Ya sauya suna, amma tabarmar da ya jera kayan a kai ita ce dai, kaset ɗaya na aiki huɗu na gefe. Na kai ƙorafi bankina da takardar shaidar tura kuɗi, na kuma kai rahoton shafin. Wanda ya ci karo da tallar, don Allah ya tura wa 'yan uwa wannan rubutu.