Ta baki ko ta haƙarƙari: amsa kan yarinyar da fil ya faɗa wa huhu

Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Marusa a Katsina ta yi tambaya a zauren nan jiya. 'Yarta na gyara hijabi da fil a baki, aka ba ta dariya, fil ya wuce. Hoto ya nuna yana huhun dama. Likita ya ce za a gwada ta baki, in ya ƙi a shiga ta gefe. Wanne ya fi?

Hajiya, inda fil ɗin ya kwanta shi zai yanke hukunci. Huhun dama ya nufa don reshen iska na dama ya fi faɗi, ya kuma fi miƙewa.

Ta baki, barci za a sa ta, a zura bututu mai fitila ta maƙogwaro har cikin hanyar iska, a kamo shi da ɗan hantsaki. Ba yanka, ba ɗinki, galibi kwana ɗaya ko biyu an sallame ku. Tsohuwar dabara ce, tun 1897 wani likitan Jamus, Gustav Killian, ya ciro ƙashi daga huhun mutum ta haka. Sai dai fil makiri ne. Siriri ne, yakan gangara can ƙananan rassan da bututu ba ya kaiwa, kai a ƙasa, tsini a sama, in an ja shi da garaje ya soki bango.

A nan ake komawa ta gefe. Wani lokaci huji biyu ko uku tsakanin haƙarƙari sun isa, a saka kyamara a yi aikin. In kuwa ya daɗe har wurin ya yi mugunya, ko ya kusanci babbar jijiyar jini, sai doguwar tsaga a buɗa haƙarƙarin. Za ta tashi da roba a gefe mai fitar da ruwa da iska na 'yan kwanaki, ciwon kuma sai an yi makonni. Akwai wahala, amma likita na ganin komai da idonsa.

Ni dai zan sa hannu a kan duka biyun tun farko, kada a tsaya neman mahaifinta tana cikin barci. Don Allah kuma a bar maganar ba ta lomar tuwo da ayaba wai su tura fil ɗin, hanyar abinci daban, ta iska daban, kuma ana son cikinta wayam kafin allurar barci. In Asibitin Koyarwa na Tarayya na Katsina suka tura ku Kano, asibitin Malam Aminu, ku kama hanya ranar. Allah ya ba ta lafiya.