Na gwada sayar da gidana da kaina a Houston, daga baya na ɗauki dillaliyar babban kamfani

Salamu alaikum ƴan uwa, musamman mazauna Amurka masu gida da suke tunanin sayarwa. In faɗi ra'ayina tun farko, dillaliyar da na ɗauka ta ci kuɗinta halak malak bani da ƙorafi a kanta, amma sunan babban kamfanin dake jikin allon da ta kafa min a ƙofar gida ban ga abinda ya ƙara min ba, kuma nan gaba in sha Allahu bazan sake biyan kuɗin suna ba.

Gidan a gefen Houston yake a jihar Texas, aiki ne ya tashe mu zuwa wani gari ya zama dole a sayar. Abinda ya hana ni kiran dillali da farko lissafi ne kawai. Al'adar da aka daɗe akai a ƙasar nan ita ce mai sayarwa ya biya la'ada kashi 5 zuwa 6 cikin 100, a raba tsakanin dillalinsa da dillalin mai saye. Ka ɗauki gidan dala 300,000, kashi 6 ɗinsa dala 18,000 kenan, kuma daga uwar kuɗi ake cirewa ba daga riba ba, ko da banki yana binka fiye da rabin kuɗin gidan. Duk wanda yasan yadda ake haɗa dala a ƙasar nan, aikin dare da na rana ga na gida suna jira a turo, dole abin ya tsaya masa a rai. Nace bari in gwada da kaina.

Gaskiya farawar ba wuya. Na sayo allo a shagon kayan gini na rubuta lambata, na ɗauki hotuna da waya na saka a Zillow, wato shafin tallan gidaje a intanet, da Facebook Marketplace, takardun ciniki kuma hukumar dillancin gidaje ta Texas wato TREC ta saka su kyauta a shafinta kowa zai iya saukewa. Waya kam ta sha kira, sai dai mafi yawan masu kiran dillalai ne masu son in basu gidan, sai kuma masu cewa suna sayen gida da tsabar kuɗi cikin sati, waɗanda tayinsu in kaji sai ranka ya ɓaci don so suke su saya a wulaƙance su gyara su sayar. Masu saye na gaskiya ƙalilan ne. Akwai wani da yazo da yamma ina dawowa daga aiki, ya zaga ko'ina har ɗakin madam ya buɗe durowar kicin ɗaya bayan ɗaya yana ta yabo, da na tambaye shi takardar da banki ke bayarwa cewa sun amince zasu bashi bashi sai yace ai bai je bankin ba tukuna. Ranar madam tace ita fa hankalinta bai kwanta da shigowar baƙin da bamu san daga ina suke ba alhali yara suna gida, kuma tana da gaskiya.

Amma babban abinda ya kayar dani farashi ne, kuma wannan ina so mutanen Texas su ji da kyau. Texas tana cikin jihohin da ba a wallafa kuɗin da aka sayar da gida a bainar jama'a. Zaka ga nawa maƙwabcinka ya saka wa gidansa amma nawa aka sallama a ƙarshe, wannan yana cikin kundin dillalai da ake kira MLS, masu lasisi ne ke ganinsa yadda ya kamata. Ƙiyasin da ofishin harajin gunduma ke turo maka duk shekara kuma don haraji aka yi shi ba don ciniki ba, na shafukan intanet ma kirdado ne. To ka ga mai sayarwa da kansa a nan cikin duhu yake yanka farashi, in ya yi sama gidan ya zauna har mutane su fara zargin akwai aibu, in ya yi ƙasa ya yi asarar da ta fi la'adar da yake gudu.

Daga nan ne na kira wata dillaliya da wani abokin aikina ya haɗa ni da ita, tana aiki a ofishin ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan masu rassa ko'ina. A nan na fahimci tsarin faranchais ɗin da suke yi, wato hayar suna. Century 21 da aka kafa a 1971, RE/MAX mai tambarin balan-balan da Dave Liniger da Gail suka fara a Denver a 1973, Keller Williams da aka fara a Austin nan cikin Texas a 1983, duk yawancin ofisoshinsu ba uwar kamfani ce ke da su ba. Wani ɗan kasuwa ne a garin yake biya a bashi izinin amfani da sunan da tambarin da tsarin horarwa da manhajojinsu, shiyasa in ka duba ƙasan allonsu ko katinsu zaka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa kowane ofis mai zaman kansa ne. Kamar dai gidan mai a gida da zaka ga tambarin babban kamfani amma na wani Alhaji ne. Su kansu dillalan yawanci ba albashi suke ɗauka ba, la'ada ce abincinsu, ofis ya yanki nasa uwar kamfani ta yanki nata, sauran ne nasu, kuma da shi zasu biya mai hoto da mai da kuɗin ƙungiya.

Aikinta dai ya yi kyau wallahi. Ranar farko ta zo da takardun gidaje irin nawa da aka sayar a unguwar cikin ƴan watannin baya da ainihin kuɗin da aka biya, muka zauna a falo tana nuna min wannan yana da sabon rufi wancan yana kallon babban titi shiyasa ya faɗi, har muka tsayar da farashin da ni kaina na gamsu dashi. Ta faɗa mana cikin ladabi mu sauke hotunan iyali daga bango, mu rage kaya, mu dakata da turaren wuta da girki mai daddawa a ranakun da za'a zo kallo don mai saye yana so ya ji kamar gidansa ya shigo. Ta kawo mai hoto ƙwararre, ta rataya ɗan akwatin makulli a ƙofa wanda sai dillali mai lasisi ne zai buɗe kuma yana nuna wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, wannan kaɗai ya kwantar wa madam da hankali. Da gidan ya shiga MLS ya fito a HAR, shafin ƙungiyar dillalan Houston wanda nan ne mutanen garin suka fi duba gida, sai masu saye na gaskiya suka fara zuwa da takardun bankinsu a hannu.

Inda ta fi burge ni bayan an yi tayi na sallama ne. A Texas mai saye yana ajiye kafin alƙalami a kamfanin takardun mallaka, sannan ya biya wani ɗan kuɗi daban a bashi wasu kwanaki da zai iya fasawa ba tare da ya faɗi dalili ba, a cikin kwanakin yake kawo mai duba lafiyar gida. Ƙasar Houston laka ce, tana kumbura da damina ta tsuke da rani, tsagewar bango da motsin harsashin gini ba baƙon abu bane. Mai dubawan ya ga tsaga a bangon gareji ya rubuta rahoto mai tsawo, dillalin mai saye ya dawo yana neman a rage kuɗi mai yawa ko su fasa. Ni a lokacin zuciyata ta hau, ita kuwa tace Malam ka bari mu kawo injiniya mai zaman kansa ya auna tukuna, ba ɗan kamfanin gyara ba don shi aiki yake nema. Injiniyan ya auna ya rubuta cewa motsin bai wuce ƙa'ida ba, aka ƙare da ɗan ragi kaɗan. Haka ta zaunar dani akan takardar bayyana aibun gida, wadda tun bayan ambaliyar guguwar Harvey ta 2017 aka ƙara mata tambayoyin ambaliya a 2019, tace in faɗi komai ko ɗigon rufin da aka gyara ne, don ɓoyewa shi ke kai mutum kotu bayan an gama ciniki. Wannan kuma dama addininmu ya riga ya wajabta mana.

To amma duk wannan ita ce tayi, ba sunan ba. Mai sayen gidan a intanet ya ganshi, ba wani reshen kamfanin a wata jiha ne ya turo shi ba duk da irin tallan da suke yi cewa suna da dillalai a duniya baki ɗaya. MLS ɗin da ya yi aikin kuwa ƙaramin dillali mai ofis ɗaki ɗaya shima yana da shi in dai ɗan ƙungiya ne. Sannan ofishin nasu ya ɗora min wani kuɗin takardu na ɗaruruwan daloli bayan la'ada, da na yi magana tace ba hurumin ta bane mai ofis ne ya saka, wannan bai min daɗi ba sam.

Abinda ya taimake ni shine zamanin ya canza. A ranar 31 ga Oktoba 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a Kansas City ta jihar Missouri suka ci tarar ƙungiyar dillalan Amurka NAR da wasu manyan kamfanoni kusan dala biliyan 1.8 akan haɗa baki wajen tsawwala la'ada. A Maris 2024 NAR ta yarda ta biya dala miliyan 418 a sasanta, kafin nan RE/MAX ta riga ta yarda da miliyan 55, Keller Williams miliyan 70. Daga 17 ga Agusta 2024 aka daina rubuta la'adar dillalin mai saye a cikin MLS, kuma dole mai saye ya sa hannu da dillalinsa akan abinda zai biya shi kafin a fara zaga gidaje. Don haka na zauna muka yi ciniki sosai, ta rage kasonta, na dillalin mai saye kuma sai da tayi ya zo muka tattauna shi a matsayin wani ɓangare na cinikin. Yawancin mutanenmu kunya ke hana su taya la'ada, gani suke kamar doka ce, alhali babu dokar da ta yanke kashi 6.

Masu cewa intanet zata kashe dillalai ban yarda dasu ba. Rahoton NAR na 2024 ya nuna kashi 6 cikin 100 ne kawai suka sayar da kansu, kuma da yawansu dama sun san mai sayen. In ɗan uwanka ko ɗan hayarka ne zai saya to ba ka buƙatar dillali, lauya da kamfanin takardun mallaka sun ishe ka. Akwai kuma masu saka maka gida a MLS akan kuɗi ƙayyadadde na ƴan ɗaruruwan daloli sauran aikin kayi da kanka, wannan ya dace da wanda ya taɓa sayarwa kuma yana da lokaci. Wanda nake ganin ruwa ya fara ƙare wa shine mai bada hayar suna, don dillali nagari yanzu da wayarsa da shaidar mutanen da ya yi wa aiki yake samun ciniki, in la'ada tana raguwa zai fara tambayar me yasa yake yanka wa uwar kamfani kaso.

Abinda ke damuna kuma manyan suna ta haɗiye juna. A 2025 Rocket mai bada bashin gida ya sayi kamfanin dillancin gidaje na Redfin, a Satumban shekarar aka sanar wani babban kamfanin dillanci Compass zai haɗe da kamfanin Anywhere wanda a lokacin shi ke da Century 21 da Coldwell Banker. In kamfani ɗaya ya tara gidaje da yawa ya fara nuna su ga mutanensa kaɗai kafin su fito fili, irinmu baƙi da bamu da dogon hannu a gari mu zamu fara cutuwa, mai saye da mai sayarwa duka. Shiyasa in zaka sa hannu da dillali ka tabbatar an rubuta ranar da gidanka zai shiga MLS, ka nemi wa'adin yarjejeniyar ya zama wata uku maimakon shida, kuma ka karanta sakin layin dake cewa ko bayan wa'adi ya ƙare zaka biya la'ada in wanda suka taɓa nuna wa gidan ya dawo ya saya, ni sai da aka rage kwanakinsa aka rubuta cewa dole su bani sunayen mutanen a rubuce kafin na sa hannu.