Hasken allo a Linux: a bar wa BIOS ko a bai wa direban hoto?

Duk wanda ya ɗora Linux a laftof, maɓallin rage haske ya ƙi aiki, tambayarsa ɗaya ce: acpi_backlight=video zan sa ko acpi_backlight=native?

A na farkon, linzami na hannun BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke zuwa cikin laftof tun daga kamfani. Linux ya roƙa, BIOS ya rage, kuma matakan hasken 'yan kaɗan ne. A na biyun, direban hoto, wato manhajar da ke tuƙa sashen hoto na na'urar, shi ne da kansa yake sarrafa fitilar allon. A na'urar Intel za ka same shi a /sys/class/backlight/intel_backlight, matakansa sukan kai ɗaruruwa. Idan an ɗauke wuta cikin dare kana lallaɓa batir, nan za ka san amfanin wannan. Amma a yi hattara, a wasu na'urorin rage haske zuwa sifili yana mayar da allon baƙi ƙirin, ka koma lalube.

Kuɗi? Ko sisi. Layi ɗaya ne za ka rubuta a saitin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux idan ka kunna na'ura.

Tun fitowar Windows 8 a 2012 masu ƙera laftof suka rage kula da hanyar BIOS, tunda Windows ta daina bi ta nan. Don haka mai na'urar bayan wannan shekara, native ya fi dacewa da shi. Mai tsohuwa ta zamanin Windows 7 kuwa, ya fara gwada video.